Daminar da Na Tsare Gero Saboda Jirgi

Ranar wata kasuwar Bukkuyum, a farkon daminar da na shiga aji huɗu, Kawu Bawa ya sauko daga mota da akwatin ƙarfe a kai da wata hula da baƙin mai ya cinye. Ƙanen Innata ne, kuma shi kaɗai ne a danginmu da ya taɓa aikin jirgin ƙasa. Mataimakin direba ne a layin da ke bi ta Gusau zuwa Ƙauran Namoda. Mu kuwa layin dogo bai biyo ta wajenmu ba, ko ƙarar jirgi ban taɓa ji ba, sai hotonsa a littafin makaranta. Kawu ya ce hutu ya zo, ya karɓi wata gona a bayan gari don kada ya zauna haka nan.

Tun daga ranar na zama jelarsa. Da na dawo daga ɗiban ruwa ko yankan ciyawar awaki, sai in tsuguna gabansa ina zuba tambaya. Shi ya gaya mini jirgi ba ya tsayawa kamar mota, tun tasha ba ta bayyana ba direba ke fara kama birki. Shi ya gaya mini idan ruwan sama ya jiƙa dogo a hawa, ƙafafun sai su yi ta juyi a wuri ɗaya, sai an sakar musu yashi sannan su kama. Na haddace komai fiye da yadda na haddace karatun aji. A filin makaranta na haɗa jirgi da gwangwanayen madara da karan dawa, na jera yara suka riƙe rigunan juna, ni ne kan jirgi, kuma duk wanda ya tsaya ba a tasha ba sai na kore shi daga wasan. Har sunana ya ɓace, kowa sai Direba.

Da gero ya fara ido, tsuntsaye suka sauko. Kawu ba shi da ɗan da ya isa tsaron gona, sai ya kira ni ya nuna mini rumfar da ya kafa a tsakiya, da igiyoyin da ya ja zuwa kowace kusurwa, an rataya musu gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Ya ce, “Wagga igiya irin ta usur ɗin jirgi ta. Ka iya jan ta, in an yi kaka ni da kaina zan hau da kai kan jirgi, kai za ka busa in mun shigo Gusau.” Wallahi ban taɓa yi wa wani abu bauta kamar geron nan ba. Ina kan rumfa tun rana ba ta yi zafi ba, in koma bayan an tashi makaranta, tafin hannuna ya yi kanta, muryata ta dushe. Abokaina suna langa da wanka a rafi, ni ina can, a zuci ina shiga tashoshin da ban taɓa gani ba. A shekarar babu gonar da ta kai ta Kawu kyau a unguwarmu.

Aka yanke gero, aka ɗaure, aka kai rumbu. Kawu ya ce sai bayan dawa. Aka gama dawa, ya ce hutunsa bai ƙare ba. Da Baba zai kai wake Gusau, na yi ta kuka har ya tafi da ni, kuma ban bar shi ya huta ba sai da muka je tasha. Ciyawa ta rufe dogo, awaki na kiwo a tsakani, mata sun shanya tattasai a inda fasinja ke tsayawa. Wani tsoho mai gadi ya ji ina tambayar yaushe jirgi zai iso, ya yi dariya ya ce ai jirgi ya daɗe da daina zuwa. Na ambaci Kawu Bawa, ya ce ya san shi sarai, tun da aka tsayar da jirgin aka sallame su. Na juya na dubi Baba, sai na ga yana kallon takalminsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk gidan sun sani. Da muka dawo na tsare Inna a madafa, ba ta ko fasa tuƙa tuwo ba ta ce, “To mi kaka so mu yi? Mutum ya rasa aiki, ga iyali. Da munka hwaɗa maka, wa za ya tsare mai geron?” Na ji kunya, na ji haushi, na kwashe gwangwanayena na watsa a bola. Kawu ya ci gaba da kira na Direba, ni kuwa gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Yanzu ina aiki a Kaduna, kuma son jirgi bai sake ni ba. Ranar da ba aiki nakan je in tsaya inda dogo ya ratsa, in ɗauki hoton jirgin Abuja a waya, ’ya’yana suna yi mini dariya. Na hau shi sau da yawa, a kujera mai laushi da sanyin na’ura, amma kullum tambayoyi ke taso mini waɗanda ba ni da wanda zan yi wa. Kawu ya rasu ban sake tambayarsa komai a kan jirgi ba. Shi kaɗai ne kuwa nawa da ya san amsa.