Ranar da Baba Ya Nemi Hanyar Kucheri

Na daɗe ina koyar da Turanci a Gusau, kuma akwai darasin da nake jin daɗinsa: kalmar wanda ya nuna maka hanya da yatsa daban, ta wanda ya shige gaba kana binsa daban. Yara su yi ta hamma, ni ko ina ta zuba.

A lokacin mahaifina yana gidana a Tudun Wada. Tsufa ya cinye masa tunani, amma bai taɓa masa tsafta ba. Kullum da farar riga da hula, gaisuwarsa tsaf. Zancensa ɗaya ne, zai koma Kucheri, ƙauyenmu na ƙasar Tsafe, ya duba gero a gonar da aka sayar tun ina budurwa.

Wata Laraba na dawo daga makaranta na tarar da ƙofa a buɗe, babu takalmansa.

Na fita ko mayafi ban yafa daidai ba. Mai shagon bakin layi ya ce, "Ƙwarai Malama, ni na gwada mishi titi." A titi 'yan acaɓa suka ce, "Tasha yat tambaya, munka gwada mishi." Kowa da fara'arsa, wai ya taimaki dattijo. Na ji kamar in shaƙe su. Da ladabi suka yi ta miƙa min uba hannu zuwa hannu, zuwa hanyar da mai lafiya ma ba ya son yamma ta yi masa a kanta.

Na shiga motar Tsafe ina kuka a fili, ban damu da masu kallona ba. La'asar ta wuce. Duk farar rigar da na hango a gefen titi sai in leƙa ta taga in duba.

A tashar Tsafe na gan shi zaune kan benci, a rumfar wata mai sayar da robobi, baƙuwa daga kudu, da gicciye a wuyanta. Da guntuwar Hausarta ta ce, "Ya tambaya hanya. Ni ban sani ba. Na ce Baba zauna, wani zai zo."

Na durƙusa gabansa. Ya dube ni da kyau, ya gaishe ni kamar yadda ake gaida baƙuwa.

"Yarinya, ko kin san hanyar Kucheri?"

Na ce na sani, Baba. Na kama hannunsa na riƙe gam. "Tashi in raka ka."