Buhun Tsummokin Usta Haruna

Shekara goma sha ɗaya ke nan cif da rasuwar mahaifina, Usta Haruna (usta a nan laƙabin gwanin sana'a ne), wanda mutanen unguwarmu a Gadarif ta ƙasar Sudan suka fi sani da mai facin jins. Allah ya jiƙansa. Ya rasu a ƙarshen damina, ana gab da yankan riɗi, wato daidai lokacin da aka fi neman sa. Bai bar mana gona ba, bai bar mana shago ba. Abin da ya bari keken ɗinki ne na ƙafa, wanda mu nan muke ce wa makana, da wani ƙaton buhu cike da ƙafafun tsofaffin wanduna.

Bari in faɗi gaskiya, na daɗe ina jin kunyar sana'arsa. Ƙanensa, Baffa Sale, telan jallabiya ne a kasuwa, sabon yadi fari ƙal yake yankawa, kuma a gaban kowa yake cewa mai faci ba tela ba ne. Shi kuwa Baba yana ƙarƙashin rumfa a ƙofar gida, 'yan aikin gona sun kewaye shi, kowa da wandonsa mai warin gumi. Da ya ɗaga wando ya dubi inda ya ɓule, zai gaya maka aikin mai shi. Mai yankan riɗi gwiwa yake ci, direban tarakta mazauni, mai dakon buhun dawa cinya. Ni ɗinkin mata na koya a makanar. Faci kam kallo kawai nake yi ina yatsina fuska, ashe idona yana ɗauka ban sani ba.

Doka ɗaya gare shi: ba ya ɗora sabon ƙyalle a kan tsohon wando. Cewa yake sabo ya fi ƙarfin tsoho, wanki biyu zai ja shi ya sake yagewa. Shi ya sa duk wandon da ya mutu murus sai ya yanke ƙafarsa ya jefa a buhu. In aiki ya zo, sai ya tona ya nemo wanda ya koɗe daidai da shi.

Bayan sadakar bakwai, Baffa Sale ya yanke hukunci. Makana za a kai shagonsa, buhu kuma a ƙone, don a cewarsa gidan kunamu ne kawai. Ban yi musu ba. Har an jawo buhun tsakar gida, sai ga sallama. Wani dattijo ne mai suna Abakar, mutumin Hawata, wanda duk kaka yake biyowa ta wurin Baba kafin ya wuce yankan riɗi. Bai ji labarin rasuwar ba. Da aka gaya masa, ya zauna a ƙasa ya yi addu'a doguwa, sannan ya riƙe gwiwarsa. A nan na lura wandon da ke jikinsa ya yage tun daga gwiwar dama har cinya, kuma ba shi da wani. Lorin da zai kai su gonakin Fashaga zai tashi bayan la'asar. Riɗi kuwa ba ya jiran kowa, in ya bushe zubewa yake yi. Wanda lori ya bari ya rasa aikin shekara, ga iyali a gida.

Baffa ya ce, "Malam, sai haƙuri. Mai wannan aikin ya tafi, halas, magana ta ƙare."

Wallahi ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Baffa, a ba shi jallabiyar Baba ya sa. Ni zan ɗinka."

Dariyar da Baffa ya yi har yau tana kunnena. Na juye buhun gaba ɗaya a tabarma, na tsinci ƙyallen da ya koɗe kamar wandon. Na juya wandon, na shimfiɗa facin ta ciki, saƙa ta bi saƙa. Fararen zaren da suka rage a bakin yagar ban yanke su ba, na kwantar da su yadda na ga Baba yana yi. Na sa zare mai ruwan toka, don jins in ya sha rana ba shuɗi ba ne kuma. Makanar Baba ba ta ɗinkin baya, saboda haka kowane layi sai ka tsayar da allura a ciki, ka juya wandon, ka dawo. Na karya allura ɗaya a kan kauri, sai na tuna gudumar da Baba yake ajiyewa don haka, na daddaka wurin ya yi laushi. Gumi har cikin ido, amma kafin kiran la'asar Abakar ya sa wandonsa, ya durƙusa sau uku don gwaji, ya ce, "Madalla, 'yar Usta." Ya samu lorinsa. Ni kuma na tattara tsummokina na ce duk mai son ƙona su sai ya fara da ni.

Sau da yawa nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga Gadarif ta yau. Samari suna sayen jins da aka yayyaga tun daga kamfani, wai shi ne ado. Na san zai riƙe baki ya ce, "To wannan wace gona ya yi aiki?" Amma kuma garin ya cika da bayin Allah da tashin hankali ya koro daga gidajensu, wasu da kayan jikinsu kawai. Malamin makaranta ne, ma'aikacin ofis ne, ka gan shi ya zo rumfata a sunkuye da wandonsa ɗaya tilo. Ba na tambayar kowa komai. Ina yi masa facin da ba za a gane ba sai an juya, ya fita kansa a ɗage. A nan na fahimci abin da Baba yake rufewa shekara da shekaru, ni ina can ina yatsina.

Kaka huɗu bayan wancan ranar, Abakar ya dawo da wandon a leda. Wandon ya mutu, ko'ina ya zama kamar rariya, ban da gwiwoyi biyu. Ta hagu facin Baba ne na da, ta dama nawa. Ya ce ya kawo wa buhu ne. Aka yi sa'a Baffa Sale yana gidan. Ya karɓa, ya sa tabarau, ya jujjuya, ya shafa gwiwar dama da babban yatsa, sai idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Allah sarki Yaya. Wannan hannunsa ne, ko a ina zan gane shi."

Wai in yi kawaici? Ina! Na ce, "Baffa, wannan nawa ne, wanda ka yi wa dariya." Na rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Baffa ya daɗe yana kallon gwiwar, sannan ya ce, "To ai shi ke nan, Yaya bai mutu ba."

Yau duk jins ɗin da aka kai shagon Baffa, wurina yake turowa, kuma da bakinsa yake cewa a kai wa tela. Mata uku na koya wa aikin, kowace da buhunta. Makanar ba ta je shagon Baffa ba, tana nan a rumfarta, buhun ya fi da cika. Gwiwoyin nan biyu dai ban yi wa kowa faci da su ba. Na rataye su a saman makana, kuma har yau babu wanda ya zo ya iya nuna mini wanne ne na Usta Haruna.