Hannun da Ya Dafa Tarwada

A wani ƙauye kusa da Karshi, tun wurin nan duk gonakin doya ne, an yi wata mata mai suna Hansatu. In ta ɗora tukunya, maƙwabta sai su tuna suna da saƙo a gidanta. Mutum ɗaya ne ya yi shekaru bai kai lomarta baki ba, shi ne mahaifinta Yamusa.

Gidan Yamusa addinin gargajiya suke bi, kuma tun kaka da kakanni ba sa cin tarwada, sun ce 'yar'uwa ce. Hansatu ta auri Abraham, ta shiga coci. Azumin Kirista kuwa da bazara yake zuwa, ranar Juma'a ba a cin nama sai kifi. Lokacin rafi ya ƙafe, in mata sun kwarfe kududdufi ba abin da ke cikin taɓo sai tarwada. Hansatu ta yi ta kau da kai, har dai ta gaji da ganin mijinta yana tura tuwo da lami. Wata Juma'a ta goge yauƙin kifin da toka, ta sa daddawa da barkono da manja, ta dafa, ta ci.

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. A ranar kuwa sai Yamusa ya zo gaisuwa. Ya ga kan kifi a akushi, ya ɗauki sandarsa ya juya.

Ba zagi, ba baki. Yana amsa gaisuwarta, yana wasa da jikoki, abincinta ne kawai ke dawowa yadda ya tafi. Wannan ya fi duka ciwo. Ta sayi sabuwar tukunya don shi kaɗai.

"Baba, ba ta taɓa ganin kifi ba."

"Tukunya sabo ne," in ji shi. "Hannun fa?"

Da tsufa ya kwantar da shi, matarsa ta riga ta rasu, ba mai jinya sai Hansatu. Kunun maƙwabta yake ɗan kurɓa, yana ta ramewa a gabanta. Ranar Juma'ar da ta fi kowace girma a azumin, ta yanka kaza ta yi romo, ta durƙusa gabansa. A gidansu mai girki ke fara ɗanɗanawa. Ta ɗauki tsoka ta sa a baki, hawaye na zuba.

Tsoho ya daɗe yana kallonta.

"Yau ba Juma'a ba ne?"

"Juma'a ce, Baba."

Ya buɗe baki. Ludayi biyu ya iya sha, kafin Lahadi ya cika.

Hansatu ta tsufa a ƙauyen, kowace bazara tana dafa wa Abraham da yara tarwadarsu. In ta sauke, sai ta koma gefe da tuwonta da lami.