Jadawalin Hutun Kawu Ƙararrawa

Kawuna mataimakin shugaban makaranta ne, kuma shekara talatin ke nan shi ke tsara jadawalin darussa. Malamai suna kiransa Ƙararrawa, a bayan idonsa dai. Abin tinƙahonsa a duniya guda ne: bai taɓa barin gurbi ko ɗaya babu darasi ba. Malamin da ka ga ya samu sararin shan ruwa, to Kawu ne bai hango shi ba.

Da yanar ido ta fara rufe masa gani, har yana kai takarda bakin hanci, likita ya ce aikin ba wuya, amma ba zai taɓa idon ba sai hawan jininsa ya sauka. Ya ba shi magani da wa'adin mako shida, ya ce ya je ya tsara wa kansa yadda zai riƙa hutawa. In ba a yi aikin ba, sai dai ya ajiye alli.

Likitan nan bai san wanda ya ce wa ya tsara ba. Kawu ya sayo farin kwali da rula, ya ja layuka, ya cike kowane gida da manyan baƙaƙe, ya manna a bangon falo. Numfashi mai zurfi, shida da kwata. Tattaki, minti ashirin, ido a kan agogo. Kallon shuke-shuke, minti bakwai. Dariya, biyar zuwa biyar da minti goma. Kullum yamma ya ɗauki jan biro ya ba kansa maki, kuma da yake shi ba sani ba sabo ne, kullum faɗuwa yake yi. A ƙasa ya rubuta: “A ƙara himma.”

Ranar da na je duba shi, biyar ta buga ina zaune. Ya ƙwala wa matarsa kira.

“Malama, lokacin dariya ya yi. Faɗi wani abu.”

“Me zan faɗa, Malam?”

“Kin ci minti biyu.”

Ni na yi dariyar, har da hawaye. Ya juyo ya harari inda yake zaton nake. “Ke ba kya cikin jadawalin.”

Bayan mako uku aka auna, jini ya ƙara hawa. Ya dawo gida ko takalmi bai cire ba, ya zauna gaban kwalinsa. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar, kuma tausayinsa ya kama ni. Can ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, “In na bar makaranta, ni wane ne?”

Malama ta san ciwon, don shekara takwas ta koyar a ƙarƙashinsa kafin ta gaji ta bari. Ta ɓamɓare kwalin ta tura ƙarƙashin gado. Ta kwance agogon hannunsa, ta ja shi zuwa bencin baranda.

“Me ke cikin wannan gurbin?” ya tambaya.

“Babu komai.”

“Babu komai ai ba darasi ba ne.”

“Shekara takwas ina roƙonka gurbi ɗaya ka hana ni. Ni ga shi na ba ka. Zauna.”

Ranar farko ya zauna kamar a kan garwashi, yana ta duba tsintsiyar hannunsa da babu komai a kai. Rana ta huɗu na tarar da mai ladabtar da malamai arba'in yana minshari baki buɗe, takalmi ɗaya a ƙafa. Kullum Malama na gefensa tana 'yan ɗinke-ɗinkenta.

Jini ya sauka, aka yi aikin. Ranar da aka cire masa bandeji na biya makaranta na karɓo masa jadawalin sabon zango, don na rantse shi zai fara nema. Na same su a baranda, na miƙa masa. Ya riƙe takardar bai buɗe ba. Malama yake kallo, tana tsaye da kofin ruwa, gashi ya leƙo ta gefen ɗankwalinta.

“Yaushe kika yi wannan furfurar?”

Ta sa yatsa ta mayar da ita ciki. “Tun tuni, Malam. Gurbi ne dai ba ta samu ba.”

Kawu ya miƙo mini takardar yadda na kawo ta, ya matsa gefe a kan bencin.

“Zauna,” ya ce mata.