Matatar Soso da 'Ya'yan Karfasa

Ba a daɗe da yanke mana jihar Kebbi ba aka tura ni koyarwa a wata firamare a Yelwan Yawuri, garinmu. Na koma gida wurin Inna, wadda sana'arta bandar kifi ce tun kafin a haife ni. A gidan wani abokin karatuna a Kaduna na taɓa ganin akwatin gilashi da kifaye ke yawo a ciki, abin ya tsaya mini a rai. Da na samu natsuwa sai na je wurin mai yanka gilashin taga a kasuwa, na zana masa abin da nake so, ya haɗa mini.

Kifi kuwa ba abin nema ba ne a Yawuri. Na je bakin ruwa da bokiti, masunta suka zaɓo mini ƙananan karfasa da kurungu guda, wanda ke iyo a rigingine. Na dawo gida kamar in yi tsalle. Inna ta leƙa, ta dube ni.

"Kifin da ba a ci, ba a saidawa, mi za ka yi da shi?"

"Kallo, Inna."

Ta yi dariya ta koma wurin murhunta.

Murnata ba ta yi nisa ba. Kafin mako ya zagayo ruwan ya yi fari kamar an dama koko a ciki, ga ƙarni. In na canja da safe, washegari ya koma yadda yake, kifayen suna ta haɗiyar iska a sama. Na rubuta wa abokin nan nawa, ya ce abin tace ruwa nake bukata, kuma sai a manyan birane ake samunsa.

Kawuna, ƙanin Inna, direban babbar mota ne mai kai busasshen kifi Legas. Na roƙe shi ya duba mini. Ranar da ya dawo ina aji aka ce motarsa ta shigo gari, da ƙyar na iya jiran a tashi. Na tarar da shi a tsakar gida yana cin tuwo, da kwalaye biyu a gefensa.

"Malam, iri biyu na samu," in ji shi. "Mai kantin ya yarda ka gwada, wanda ba ka so in mayar masa."

Na farko akwati ne baƙi mai inji, ana rataya shi a bakin gilashin, ya zuƙi ruwa ya tace ya feso. Na biyu dunƙulen soso ne kawai da siririn tiyo da ɗan famfon iska. Ko kallon kirki ban yi wa soson ba. Na jona mai injin, ya fara gurnani, ruwa ya soma zubowa kamar daga indararo. Kafin la'asar ruwan ya yi garau, har ina ƙirga ƙayoyin bayan kurungu. Na kira maƙwabta suka zo suka gani, na yi ta bayani kamar ni na ƙera injin.

Sai dai ƙarfinsa ya yi wa akwatin yawa. Karfasa suka taru a lungu guda suna fama da igiyar ruwa, kurungu ya shige bayan dutse ya ƙi fitowa. Na ce da kaina za su saba. Akwai kuma wata karfasa da ta daina cin abinci, haɓarta ta kumbura, na ɗauka ciwo ne.

Wata Asabar da hantsi ina wanki sai na ji Inna na kirana daga ɗaki.

"Zo ka gani, maza. Wagga ta amayo ɗiya."

Na shiga da kumfa a hannu. Karfasar nan ta buɗe baki, ga 'ya'ya ƙanana kamar tsakin gero suna fitowa, sun yi gungu kewaye da kanta. Ashe ƙwai ta ɗauka a baki duk kwanakin nan. Na tsuguna ina dariya ni kaɗai. Inna ta taɓa gilashin da yatsa, nan take suka ruga suka koma bakin uwarsu, sannan suka sake fitowa kaɗan-kaɗan.

Muna cikin kallo na ga igiyar ruwa ta ja wasu zuwa bakin injin, ya zuƙe su. Na fizge wayar daga bango, na buɗe akwatin injin na juye a kwano. Yawancinsu na motsi, na mayar da su da cokali. Sai na ciro soson daga kwalinsa, na nutsa shi a ƙasan akwatin kifin, na kunna famfon. Kumfa ta fara tashi a hankali, ruwa ya lafa.

Soson bai yi saurin injin ba. Ruwan ya ɗan dushe na wasu kwanaki, har na fara shakka, daga baya ya washe ya zauna haka. 'Ya'yan suka mai da shi wurin kiwo, suna tsattsagar abin da ya maƙale a jikinsa. Kurungu ma ya fito ya ci gaba da rigingine.

Da Kawu ya zo ɗaukar kaya na miƙa masa mai injin a kwalinsa. Ya ce mai kantin ya gargaɗe shi kada a wanke soson da sabulu, a matse shi kawai a ruwan da aka ɗebo daga akwatin. Haka muka riƙa yi.

'Ya'yan suka girma har akwatin ya yi musu kaɗan. Na sa mai gilashi ya haɗa wani, na kai makaranta na zuba wasu a ciki, Kawu ya ƙaro mana soso da famfo. Sauran kuma na zuba a bokiti, muka tafi bakin ruwa da ɗalibaina ranar wata Alhamis, kowa ya ɗebi nasa da tafin hannu ya saki.