Almakashin Sista Tela

Shekara goma sha bakwai ina tura gadon marasa lafiya a sashen gaggawa, ban ga ma'aikaciyar jinyar da ta kai Sista Tela sa likitoci tsaki ba. Gajeriya ce, ga saurin tafiya, ga baki. Almakashinta a wuya yake, rataye da igiyar takalmi, wai aljihu ba shi da amana.

Wanda bai san aikinmu ba, bari in faɗa masa. Idan aka kawo mutum jina-jina ko da karaya, ba a tsayawa tuɓe masa riga, yanke ta ake yi. Kowa ta tsakiya yake tsargewa ya jefa a kwandon shara. Ita kuwa ɗinki take bi. Ta laluba da yatsa, ta sa bakin almakashi ta farke zaren tun daga wuyan hannu har kafaɗa, ta ninke rigar ta sa a leda, ta rubuta lambar gado. Mahaifinta tela ne, a gindin kekensa ta yi rarrafe, shi ya sa sunan ya biyo ta har asibiti.

"Sista, jini muke tsayarwa, ba shago muka buɗe ba," in ji likita.

"Ai na gama, likita. Kai ne ko safar hannu ba ka sa ba."

Kuma gaskiyarta, ta gama ɗin. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce wani rigar da ya zo da ita ita kaɗai ce ta kirki a akwatinsa, in ya warke da me zai koma gida? Na ce to ta kawo keken ɗinki mu ajiye kusa da tukunyar iskar numfashi. Ta ce in na ƙara magana da wandona za ta fara.

Wata ranar Talata da hantsi aka kawo wani tsohon kafinta, 'yarsa na riƙe da shi. Daga kan tsani ya faɗo, hannun dama ya karye, ya kumbura har ya cika hannun riga tam. Rigar mai dogon hannu ce, ruwan toka, ta sha wanki har ta koɗe. Likita ya taɓa yatsunsa ya ce sun yi sanyi, jini ba ya isa, in ba a saki hannun yanzu ba yana iya rasa shi.

Wata sabuwar nas ta matso da almakashi. Tsohon ya dafe rigar da hannun hagu.

"Ba mai taɓa min riga. 'Yar nan, kama ni mu tafi gida."

"Baba, don Allah," in ji 'yar, tana kuka. "Da hannun nan fa kake aiki."

Likita ya yi bayani, ya yi lallashi, ya fara ɗaga murya. Tsoho ya juya fuska bango. Ni kaina, in faɗi gaskiya, haushinsa nake ji. Mutum zai ba da hannu don tsohuwar riga?

Sai ga Sista Tela ta shigo da tafiyar nan tata. Na ga alamar ta ji daɗi, yau ga ranarta ta zo. Ta durƙusa daidai kunnensa.

"Baba, kwantar da hankalinka, ka faɗo hannun 'yar tela. Ba zan taɓa yadin ba. Ɗinkin kawai zan farke, kowane tela ya mayar maka kamar sabuwa."

Tsohon ya ƙara ƙanƙame rigar, har ya yi nishi don zafi. Ban taɓa ganin maganar nan ta kasa aiki ba sai ranar.

Ta juya bakin hannun rigar ta duba ciki. Ta daɗe kaɗan tana kallo, likita na kallon agogo.

"Wannan ɗinkin hannu ne," ta ce a hankali. "Wa ya yi maka, Baba?"

'Yar ce ta ce, "Inna ce. Bara ta rasu."

"Yadi na kasuwa ne, ko'ina akwai," in ji tsohon, fuskarsa na bango. "Ɗinkin ne babu."

Sista ta ce, "Na yi kuskure, Baba, ka yafe ni. In na bar maka zarenta duka, ka yarda?"

Ya ɗaga kai alamar ya yarda.

Ta sa almakashi a tsakiyar yadi ta tsarge shi kamar kowa, nesa da ɗinkin, ko zare ɗaya ba ta taɓa ba. Na so in tsokane ta, da na ga idonta sai na haɗiye. Likita ya ja hannun ya daidaita, ba a jima ba ya ce ɗumi ya fara dawowa yatsu, a wuce da shi ɗakin tiyata.

Rigar nan ba ta shiga leda ba. Sista ta ɗora masa ita a ƙirji, ta kamo hannunsa na hagu ta aza a kai. Ina tura gadon a baranda, 'yar na biye, na ga yana bin ɗinkin da babban yatsa, har ya tsaya a wani wuri.

"Kin ga inda ya karkace?" ya ce da 'yarsa. "Nan ne idonta ya fara ba ta wahala. Ta ce in kawo ta farke ta gyara, na ce sai na dawo daga aiki."