Ranar Ruwan Kawu Lawan

Har yau idan wata ta buɗe kwalbar maganin goge jan farce kusa da ni, sai in tsinci kaina a zauren Kawu Lawan, a ƙauyenmu da ke kusa da Bunkure. Shekara bakwai ke nan da rasuwarsa. Ƙanin mahaifiyata ne, malamin kemistiri a wata sakandaren 'yan mata, kuma manomin rani kamar kowa a garin. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana Ummi.

Ina aji biyar na yanke shawarar barin ajin kimiyya. Kemistiri ya kayar da ni zango biyu a jere, hankalina kuma yana kan waƙoƙin da nake rubutawa a bayan littafi. Ranar Litinin zan kai takardar canjin aji. Ranar Asabar da hantsi Kawu ya aiko kirana.

Na same shi ya jera kwalabe a kan tabarma. Ɗaya asiton ce, mai warin nan na maganin farce. Ɗaya 'yar mitsitsiya, benzaldihaid, saura kaɗan a gindinta. Ga sifirit, ga soda da ya samo wurin Maman Rifkatu, maƙwabciyarsa mai yin sabulu.

"Malam, sabulu za ka fara ka kashe mini kasuwa?" in ji ta, ta leƙo ta ƙofa.

"Kwantar da hankalinki. Ummi ce da aikin, ni ɗan kallo ne."

Ya ce sunan aikin aldol, hanyar ɗaura kabon da kabon, kuma da gona ya bayyana mini shi. Soda tana cire haidirojin ɗaya daga kabon ɗin gefe na asiton, sai wannan kabon ya cika da ilektron, kamar gonar da ruwa ya yi wa yawa. A jikin benzaldihaid kuwa akwai kabon da oksijin ya janye wa nasa, gona ce mai ƙishi. Mai yawa ya malala wa mai ƙishi, ɗauri ya ƙullu. Daga nan ƙwayar ruwa ɗaya ta fice, ɗaurin da ke kusa ya zama biyu. Asiton gefe biyu gare ta, don haka awon benzaldihaid biyu ake sa wa awonta ɗaya.

Na juya awon. Na zuba asiton biyu, benzaldihaid ɗaya, na yi ta kaɗawa cikin kaskon ruwan randa. Mai ne kawai ya kwanta, mai yauƙi.

"Kawu, ka gani ko? Ni ba ni da kan wannan abu."

"Kanki lafiya lau. Awo kika juya, kamar mai tuwon da ta zuba gari kafin ruwa."

A lokacin wani ya yi sallama daga waje. Kawu ya fita, suka yi magana ƙasa-ƙasa, ya dawo ya wanke kwalba ya miƙo mini. Da ragowar ƙaramar kwalbar muka sake. Na yi kusan rabin awa ina kaɗawa, ruwan ya gurɓace, sannan wasu ƙwayoyi masu ruwan ɗorawa suka fara sauka a hankali. Muka tace, muka wanke, muka shanya, har la'asar. Ya ce ta irin wannan hanya ake haɗa ƙamshin kirfa, da turaruka, da wasu magunguna, kuma ko ganyen shinkafa da ita yake ɗaura gutsure biyu su zama sukari. Ban kai takardar nan ba.

Yanzu ni ke tsayawa a gaban allo. Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga kwatocin ban ruwa da ciyawar kacalla ta toshe, da injinan da ke ta ruri a bakin kanal, babbar magudanar ruwan rani, da manoma suna jin farashin tumatir ta wayar hannu tun suna gona. Ina jin wayar za ta burge shi. Ɗakin gwajinmu da babu ko kwalba ɗaya mai abu a ciki, ba zai yi mamakinsa ba, gidan mai sabulu zai nufa. Ni ma haka nake yi, kuma da gona nake wa ɗalibaina bayani. Bai bar littafi ba, wannan ya bari.

Bara na haɗu da Malam Iro, wanda gonarsa ke jikin ta Kawu. Shi ne ashe mai sallamar nan. A lokacin bi da bi ake sakar wa gonaki ruwan kanal, wanda ranarsa ta wuce sai wani mako. Asabar ɗin nan ce ranar ɓangarensu, ga Kawu da sabon dashen tumatir.

Malam Iro ya ce mini, "Na ce masa Malam, an saki ruwa. Ya ce ga ni nan, bari yarinyar nan ta sake gwadawa sau ɗaya. Ni ina fama da tawa, kafin in waiwayi tasa an rufe."

A shekarar, Kawu bai ɗebi ko kwando ɗaya a wannan gonar ba.